Haɗin Ƙarfe da Sinadaran Schiff: Suna da Amfani Ko Cika Kundi Ne Kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai a nan Samaru. An ba ni aikin haɗa sinadarin Schiff, in ɗaura shi da jan ƙarfe da nikel da kobal da zinki, sannan in gwada ko zai kashe bakteriya. Da na duba kundayen waɗanda suka gabace ni sai na ga kusan kowa abin da ya yi ke nan. Don Allah Malam, waɗannan abubuwa suna da wani amfani a duniya kuwa? An taɓa samun magani daga cikinsu? Ko in roƙi a canza mini batu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Kada ki roƙi a canza miki batu. Abin da kika gani a kundayen nan gaskiya ne, ni ma irinsu sun sha zuwa hannuna, amma laifin ba na sinadaran ba ne. Waɗannan haɗe-haɗe na ƙarfe sun yi aiki babba a masana'antu, har da masana'antun magunguna, kuma ɗaurin da ke tsakiyarsu yana aiki a cikin idonki da hantarki a daidai lokacin da kike karanta wannan amsa. Inda suka gaza shi ne inda ɗalibanmu suka fi tura su, wato su zama maganin ƙwayoyin cuta su da kansu. Gazawar tana da dalili, kuma idan kika gane dalilin za ki iya mayar da aikin da aka ba ki bincike na gaske, ba tare da an sayo wata sabuwar na'ura ba.

A shekarar 1864 ne Hugo Schiff, Bajamushen da ya yi yawancin aikinsa a Italiya, ya bayyana abin da ke faruwa idan aldihayid ta gamu da amain mai NH2. Oksijin ɗin aldihayid yana ficewa tare da haidirojin biyu na amain, su zama ruwa, kabon da naitirojin kuma su ƙulla ɗauri mai ninki biyu, C=N, wanda muke kira imain, kuma sinadarin da ke ɗauke da wannan ɗauri shi ne sinadarin Schiff. Ki riƙe batun ruwan nan da ya fita, domin duk amsata a kansa ta rataya. Haɗuwar tana zuwa kuma tana komawa. Idan kika janye ruwa, imain ya samu. Idan kika dawo da ruwa mai yawa, balle da ɗan asid a ciki, sai ya warware ya koma aldihayid da amain ɗin da aka fara da su. Shi ya sa wajen haɗawa ake ɗiga asid kaɗan, a tsaya wajen pH 4 zuwa 5. In babu asid ruwan ba ya saurin fita, in kuma ya yi yawa sai ya kame amain ɗin ya hana shi kusantar kabon.

Naitirojin ɗin imain yana da ilaktiron biyu da ba su shiga kowane ɗauri ba, su yake miƙa wa ƙarfe. Shi kaɗai riƙonsa sako-sako ne. Dabarar ita ce a samar masa mataimaki a kusa. Salisilaldihayid tana da OH a kan kabon da ke maƙwabtaka da aldihayid ɗin, saboda haka imain ɗin da aka yi da ita yana kama ƙarfe ta wuri biyu, naitirojin da oksijin, kamar yadda awartakin maƙeri ke kama ƙarfe da baki biyu ba ya suɓucewa. Idan kika haɗa salisilaldihayid kashi biyu da etilindayamain kashi ɗaya, kin sami salen, hoda ruwan ɗorawa mai haske. Shi salen ta wuri huɗu yake kama ƙarfe a shimfiɗe, naitirojin biyu da oksijin biyu, ya bar sama da ƙasa a buɗe. Waɗannan gurabe biyu da ya bari su ne wurin aiki, nan ne wani sinadari zai zo ya zauna a kan ƙarfen, a sarrafa shi, ya tashi wani ya zo. Ƙarfen kuma yana saka wa ligan ɗin, wato sinadarin da ke riƙe da shi, domin imain da ke riƙe da ƙarfe ta wuri huɗu ya fi wanda ke shi kaɗai jure wa ruwa nesa ba kusa ba.

Haɗa su ba wuya. A tafasa cikin etanol na awa ɗaya ko biyu, a bari ya huce, hoda ta kwanta, a tace. Ba a buƙatar akwatin cire iska, ba a buƙatar kaya masu tsada, in wuta ta ɗauke ma aikin ba ya lalacewa. Wannan sauƙi ne ya sa suka yaɗu a jami'o'inmu da na Indiya da Masar da Iraƙi, kuma babu abin kunya a cikin yin aiki da abin da hali ya ba ka. Amma sauƙin ne kuma ya sa mutum ke iya haɗa sababbi goma ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa don me yake haɗa ko ɗaya ba.

Bari in fara da inda suka yi nasara, wato a matsayin katalis, abin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ko ya zaɓa musu hanyar da za su bi, shi kuma ya fito yadda ya shiga ya sake wani zagaye. Tun 1938 Tsumaki a Japan ya lura cewa haɗin kobal da salen yana zuƙar oksijin daga iska, launinsa ya yi duhu, in an ɗumama shi ya sake ta. Wannan ya ja hankali sosai domin aikin himogulobin ke nan a jini, har Melvin Calvin da abokan aikinsa a Amurka suka bincike shi lokacin yaƙin duniya na biyu a matsayin hanyar tace oksijin daga iska.

Babbar nasarar ta zo ne ta wata fuska. Sinadarai da yawa suna zuwa a siffa biyu, ta dama da ta hagu, kowace hoton madubin ɗayar ce. Nauyinsu ɗaya, zafin narkewarsu ɗaya, amma jiki yana bambance su domin furotin ɗin jiki su ma siffa ɗaya suke da ita. Misalin da za ki samu a kowane kantin magani a Sabon Gari ko Tudun Wada shi ne ofloxacin da levofloxacin. Na farkon gaurayen siffofin biyu ne rabi da rabi, na biyun kuwa siffa ɗayar ce da aka ware, wadda kusan duk aikin kashe bakteriya nata ne. To, haɗa siffa ɗaya kawai ba tare da ɗayar ba yana cikin manyan matsalolin masana'antar magani. A 1966 Nozaki da Noyori da abokan aikinsu a Kyoto suka yi amfani da haɗin jan ƙarfe da wani sinadarin Schiff mai siffa ɗaya, suka nuna cewa ƙarfe da ligan ɗinsa za su iya karkata sakamako zuwa ɓangare guda. Karkatar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, ƙarama ce ƙwarai, amma ta buɗe ƙofa. Noyori ɗin nan shi ne ya sami kyautar Nobel a 2001 tare da Knowles da Sharpless, a kan ayyukan da suka biyo baya a wannan fage. Aratani na kamfanin Sumitomo ya ci gaba da gyara ligan ɗin har karkatar ta haura kashi 90, ya yi amfani da shi wajen haɗa asid ɗin kirisantemik, wanda ɓangare ne na allethrin, sinadarin da ake sawa a maganin sauro na kunnawa.

A 1990 Eric Jacobsen a Amurka da Tsutomu Katsuki a Japan, kowa a gefensa, suka fito da haɗin manganis da salen mai siffa ɗaya wanda ke ɗora oksijin a kan ɗaurin C=C, ya samar da epoksaid, wato zobe mai kusurwa uku na kabon biyu da oksijin ɗaya. Ina so ki dubi yadda Jacobsen ya gina nasa bayan ya gyara shi a 1991, domin darasin yana nan. A madadin etilindayamain ya sa dayamain mai zoben kabon shida da siffa ɗaya, shi ne ke ba da karkata. A kan zoben salisilaldihayid kuma ya dasa manyan rassa na tashiyari-butil guda huɗu, waɗanda aikinsu toshe hanya ne, ta yadda sinadarin da za a sarrafa ba zai iya isa ga ƙarfen ba sai ta ɓangaren da dayamain ɗin yake. Abin da ke ba da oksijin kuwa ruwan bilic ne, irin na wankin fararen kaya. Da wannan katalis aka yi epoksaid ɗin indin, matakin da ke kaiwa ga wani ɓangare na indinavir, maganin cutar ƙanjamau da kamfanin Merck ya fitar a 1996. A 1997 kuma ɗakin binciken Jacobsen ya sa kobal a cikin ligan ɗin nan, ya fito da abin da a ganina ya fi kowanne kyau. A ɗauki epoksaid mai araha wanda rabinsa na dama ne rabinsa na hagu, a zuba ruwa ɗan fiye da rabin ma'auni, a sa katalis ɗan ƙanƙani. Ruwan zai buɗe siffa ɗaya kawai, ya bar ɗayar da tsarkin da ke kai kashi 99 cikin 100. Da aka bi diddigin saurin aikin sai aka ga kobal biyu ne ke haɗa hannu, ɗaya ya riƙe epoksaid, ɗaya ya miƙo OH. Kamfanoni sun yi amfani da wannan hanya suna samar da kayan haɗa magunguna da yawan gaske.

A ɓangaren roba, Brookhart a 1995 ya nuna cewa nikel da faladiyam masu ligan mai imain biyu suna iya ƙulla iskar etilin ta zama folitin, a 1998 kuma shi da Gibson na Landan, kowa daban, suka yi haka da baƙin ƙarfe. Yawancin ledar da ke kasuwa har yanzu da tsofaffin katalis na taitaniyam da kuromiyam ake yin ta, amma kafin wannan aiki mutane ba su ɗauka baƙin ƙarfe zai iya ba. Akwai kuma haɗin kobal da na kuromiyam da salen waɗanda ke ƙulla iskar kabon dayoksaid da epoksaid su zama roba.

Duk waɗanda na ambata, matsala ce ta fara zuwa, sannan aka gina ligan don ita, kuma kowane reshe da aka dasa a jikinsa akwai amsar dalilin dasa shi. Ki lura kuma katalis ɗin Jacobsen cikin ruwan bilic yake aiki, na kobal ɗin ma da ruwa yake aiki, duk da haka ba su warware nan take ba. Saboda haka ba cewa nake yi duk haɗin Schiff yana mutuwa a ruwa ba. Wasu suna jurewa, wasu ba sa jurewa, kuma ba a sani sai an auna.

Yanzu jikin ɗan Adam. A bayan ido akwai furotin mai suna rodofsin. Sinadarin retinal, wanda aldihayid ce da jiki ke yi daga bitamin A, yana ɗaure da ita ta hanyar imain da ya ƙulla da amino asid mai suna laisin, na 296 a jerin tubalan furotin ɗin. Haske na sauka, retinal ya miƙe daga lanƙwasar da yake, furotin ta canza siffa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Daga nan ruwa ya warware imain ɗin, retinal ya fita a sake lanƙwasa shi, ya dawo a sake ƙullawa. George Wald ya sami Nobel a 1967 a kan wannan. Yaron da bitamin A ya yi masa ƙaranci ba shi da isasshen retinal da zai ƙulla, shi ne dundumin da iyayenmu suka sani, da magariba ta yi yaro ya fara lalube.

Bitamin B6 ma aldihayid ce idan ta shiga siffar aikinta. Tana zaune a cikin enzayim ɗaure da laisin ta hanyar imain, amino asid na zuwa sai ta saki laisin ta ƙulla sabon imain da shi, ta karɓe naitirojin ɗinsa ta miƙa wa wani. ALT da AST da likita ke rubutawa in yana son duba lafiyar hanta, enzayim ne masu wannan aiki. A nan ne ma ƙarfe ya shigo tarihin fannin namu ta ɓangaren halitta, domin a 1954 Metzler da Ikawa da Snell sun nuna cewa firidoksal, wato aldihayid ɗin bitamin B6, da amino asid, in aka sa musu jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe ko alminiyam, suna yin irin wannan musaya a cikin kwalba babu enzayim. Ƙarfen yana riƙe imain ɗin a shimfiɗe yana janye ilaktiron, aikin da furotin ke yi a jiki. Wannan ilimi yana da amfani a asibiti kai tsaye. Isoniazid, maganin tarin fuka, yana ƙulla C=N da bitamin B6 ya hana ta aiki, mai shan maganin ya fara jin ƙafafunsa suna zafi ko suna mutuwa. Shi ya sa ake haɗa wa masu juna biyu da masu ciwon suga da masu ƙanjamau da firidoksin, wato bitamin B6, idan suna shan sa.

Gwajin HbA1c na masu ciwon suga shi ma daga nan ya samo asali. Gulukos yana ƙulla imain da ƙarshen sarƙar beta ta himogulobin, a hankali ɗaurin ya sake tsari ya zama wanda ba ya warwarewa, don haka adadinsa yana nuna yadda suga ya kasance a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Majema kuma, in sun jeme fata da gulutaraldihayid, da NH2 na laisin ɗin kolajin take haɗuwa, abin da masana a cibiyar nazarin fata da ke nan Samaru suka sani sarai.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne sikila, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ɗauke da ita. Voxelotor aldihayid ce da aka tsara don ta ƙulla imain da ƙarshen sarƙar alfa ta himogulobin, ta sa ya ƙara riƙe oksijin, ya rage manne wa junansa da ke lanƙwasa ƙwayar jini. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019. A watan Satumba na 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya, bayan bayanan gwaji sun nuna alamar ƙaruwar tashin ciwo da mace-mace a tsakanin masu shan sa. Sinadarin yana ƙulla ɗaurin da aka tsara shi ya ƙulla, adadin jini ma yana ƙaruwa, amma hakan bai isa ya tabbatar da cewa majinyaci ya amfana ba. Duk mai rubuta a ƙarshen kundinsa cewa hodar da ya haɗa za ta iya zama magani, ya kamata ya san wannan labari.

Kin ga dai jiki yana amfani da imain ne saboda yana ƙulluwa yana warwarewa cikin ruwa a zafin jiki. Wannan hali da ya sa ya dace da ido da hanta, shi ne matsalarsa in an ce a haɗiye shi a matsayin magani.

To, an sami magani? Akwai magunguna masu ɗaurin C=N, irin su rifampicin na tarin fuka da nitrofurantoin na ciwon mafitsara. Amma babu ƙarfe a cikinsu, kuma naitirojin ɗinsu yana manne da wani naitirojin, abin da ke ƙara wa ɗaurin juriya. Duk da haka asid ɗin ciki yana warware wani kaso na rifampicin, kuma warwarewar tana ƙaruwa in isoniazid na wurin, matsalar da masu haɗa ƙwaya ɗaya mai magunguna da yawa suka sha fama da ita. Daga dangin tayosemikabazon akwai thiacetazone da aka daɗe ana bayarwa a Afirka don tarin fuka, aka bar shi saboda mummunar illar da yake yi wa fatar masu ƙanjamau. Akwai triapine, wanda ke kama baƙin ƙarfe a jiki ya tsayar da enzayim ɗin da ƙwayar daji ke buƙata don yin DNA, an kai shi gwaji a kan majinyata. Akwai haɗin jan ƙarfe mai suna Cu-ATSM da aka gwada wajen ɗaukar hoton sassan ƙari da oksijin ba ya isa. Akwai EUK-134, haɗin manganis da salen, wanda ya ƙare a man shafawa. Amma maganin bakteriya da aka yi da jan ƙarfe ko nikel da sinadarin Schiff, ba za ki same shi a kantin magani ba, duk da tarin takardun da suka ce an ga alamar nasara.

Ki bi hodar taki daga kwalba zuwa faranti ki ga abin da ke faruwa. Ba ta narkewa a ruwa, sai a narkar da ita a DMSO, wani ruwan sinadari mai narkar da abubuwa. A ɗiga a ɗan ramin da aka huda a farantin renon bakteriya, wanda abin da ke cikinsa kusan duk ruwa ne, a ajiye kwana guda a digiri 37. Washegari a ga fili kewaye da ramin inda bakteriya ba ta tsiro ba, a auna da rula, a rubuta cewa haɗin ya fi ligan ƙarfi. Wane ne ya kashe bakteriyar? In haɗin ya warware, akwai jan ƙarfe a sake, kuma jan ƙarfe da kansa guba ne ga ƙwayoyin cuta, manoman tumatir ma feshinsa suke yi. Akwai salisilaldihayid, ita ma tana kashewa. DMSO in ya yi yawa yana hana su girma. In kuma an yi ligan ɗin ne daga wani magani irin amoxicillin ko sulfamethoxazole, yadda ake yawan yi, to warwarewa tana sako maganin ne kawai, shi ya yi aikinsa da aka san shi da shi. Faɗin filin ma ba ƙarfin kisa kaɗai yake nunawa ba, yana nuna yadda abu ke iya ratsa faranti, don haka babban sinadari marar narkewa zai iya ba da ƙaramin fili ko da ya fi kisa.

Sannan a jawo bayanin nan da ake dangantawa da Tweedy, cewa ɗaure ƙarfe yana rage cajinsa, ya sa haɗin ya fi son mai, ya fi ratsa fatar ƙwayar cuta. Yana iya zama gaskiya ga wani haɗin. Abin da ke damuna shi ne ana kwafe shi daga kundi zuwa kundi ba wanda ya auna, alhali auna shi girgiza abu ne tsakanin oktanol da ruwa a duba inda ya fi taruwa. A jiki kuwa gwajin ya fi tsanani. Ruwan ciki yana wajen pH 1.5 zuwa 3.5. Jini yana ɗauke da albumin mai wurin kama jan ƙarfe da ƙarfi, cikin ƙwayoyin jiki kuma akwai gulutatayon da ke rage jan ƙarfe ya sa ya bar ligan ɗinsa. Jerin Irving da Williams ya nuna ƙarfin riƙo yana hawa daga manganis zuwa baƙin ƙarfe, kobal, nikel, ya ƙure a jan ƙarfe, ya sauko a zinki. Ma'ana haɗin manganis ko na zinki da kika sa a ruwa mai wasu ƙarafa zai iya musanya ƙarfensa, ki wayi gari kina gwada abin da ba shi kika haɗa ba.

Ga abin da zan so ki yi. Kafin komai ki tabbatar da abin da ke hannunki. Alamar C=N a na'urar IR tana fitowa wajen 1600 zuwa 1640, amma zoben benzin ma yana da alama a kusa, don haka ɗan matsawar da ta yi bayan an sa ƙarfe shaida ce mai rauni in ita kaɗai ce. Ki duba inda na'urar ta tsaya. Da yawa a 650 suke tsayawa, ɗaurin ƙarfe da naitirojin kuma ƙasa da 600 yake fitowa, kada ki rubuta lambar da takardarki ba ta kai ba. A NMR haidirojin ɗin CH=N yana zuwa tsakanin 8 da 9, na aldihayid da ke wajen 10 kuma ya kamata ya ɓace. Jan ƙarfe yana ɓata wannan awo, zinki ba ya ɓatawa, saboda haka haɗin zinki ne zai zama madubinki. Awon maganaɗisu yana da araha kuma yana faɗin gaskiya. Nikel da aka riƙe ta wuri huɗu a shimfiɗe ba ya jan maganaɗisu, wanda aka riƙe ta wuri shida yana ba da wajen 3 a ma'aunin Bohr magneton. Ki narkar da hodar a asid ki auna yawan ƙarfen da EDTA, sinadarin da ke kama ƙarfe. In kin sami kiristal, ki adana shi da kyau har a sami inda za a aika a ɗauki hoton tsarinsa, domin shi ne ke kashe gardama. Da hunturu ruwan narkarwa yana saurin bushewa ya bar gari, ki rufe bakin kwalbar ki huda ƙananan ramuka. Da damina kuma, musamman a Agusta, laimar iska kaɗai tana iya fara warware ligan, ki ajiye shi a tukunyar busarwa.

Daga nan, kafin ki kai komai sashen nazarin ƙwayoyin cuta, ki yi gwajin da ya fi kowanne muhimmanci. Ki narkar da haɗin a DMSO kaɗan, ki tsarma shi a ruwan fosfet mai pH 7.4, ki ɗauki awonsa a na'urar UV nan take, bayan awa ɗaya, bayan awa shida, bayan awa 24. Ki maimaita a pH 2, ki maimaita a ruwan da ake renon bakteriya. In zanen bai canza ba, kina da abin da ya cancanci gwaji. In ya rikiɗe ya koma na aldihayid, kin gano abin da kundaye da yawa ba su duba ba, kuma wannan sakamako ne da ake bugawa. A gwajin bakteriyar ki jera gishirin ƙarfen shi kaɗai, aldihayid ita kaɗai, amain shi kaɗai, ligan, DMSO, da sanannen magani, duk a ma'aunin mol iri ɗaya, domin in kika auna da nauyi kin ba wa mai ƙaramin nauyi rinjaye. Ki nemi mafi ƙarancin adadin da ke hana girma ta hanyar tsarmawa a ruwa, ki bar rula. Ki gwada kuma ko yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, bayan kin sami izinin kwamitin ɗa'a, saboda abin da ke kashe bakteriya ya kashe ƙwayar mutum a adadi ɗaya guba ne.

In da ni ne mai duba aikinki, da na ƙara miki babi ɗaya na katalis, tunda nan ne waɗannan sinadarai suka nuna ƙarfinsu. Baƙin da dankali ko gauta ke yi in an yanka, aikin wani enzayim ne mai jan ƙarfe biyu wanda ke mayar da katikol ya zama kwinon da oksijin ɗin iska. Haɗin jan ƙarfe da sinadaran Schiff da yawa suna kwaikwayon wannan. Ana sa katikol mai rassan tashiyari-butil biyu a metanol, a ƙara haɗin kaɗan, a bi yadda alamar kwinon ke hawa a wajen nanomita 400. Na'urar UV ɗin nan ita ce dai, kuma za ki fito da lambobin saurin aiki da za a iya kwatantawa da na kowa a duniya. A nan ma gishirin jan ƙarfe shi kaɗai dole ya shiga layi. Aldihayid ɗin ma ba lallai sai an sayo daga waje ba, domin ana samun fafural daga totuwar masara in an dafa ta da asid, ga totuwa kuwa tuli a Giwa da Soba bayan kaka, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai a Basawa inda za ki iya neman shawara a kan tace ta. Sai dai oksijin ɗin zoben fafural riƙonsa ga ƙarfe ba shi da ƙarfi, don haka ki haɗa ta da amain mai nasa wurin riƙo, irin aminofinol.

Idan za ki je wurin malamin da ke duba aikinki, kada ki ce masa batun ya tsufa. Ki tafi da takarda ɗaya, ki roƙi a rage ƙarafan daga huɗu zuwa biyu, jan ƙarfe da zinki, kuɗin da lokacin da aka rage kuma a sa su a gwajin juriya a ruwa da gwaje-gwajen kwatance. Ragowar ruwan ƙarfen da na DMSO ki tara a kwalba mai alama, kada ki zuba a kwata, kuma ki sa safar hannu duk lokacin da za ki taɓa DMSO, domin yana ratsa fata tare da abin da aka narkar a cikinsa.